Bokitin Sodar Inna

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare Inna ta fara haɗa sabulu. A Gyadi-Gyadi muke zaune, gida mai ɗaki biyar da bishiyar gwaiba a tsakar gida, kusa da asibitin koyarwa har muna jin jiniyar motar marasa lafiya daga madafa. Baba ma'aikacin gwamnati ne. Ɗakin bakin ƙofa ya ba da shi haya ga wata ma'aikaciyar jinya da duk layin ke kira Sista. Ba ta da yawan magana. In ta dawo aiki sai ta wanke farin takalminta, ta jingine a bango, ta shige ɗaki.

A wani ajin mata da ake yi a Tarauni ranar Asabar Inna ta koyo sana'ar, ni kuma na zama mai tuƙi. Har yau in na ji ƙanshin man alayyadi haɗe da turaren lemo sai tsakar gidan nan ta faɗo mini, da akwatunan katako jere a inuwa, Inna tana yanka sabulu da siririyar waya, tana hirar mutanen garinsu da ban taɓa gani ba.

Abin da ke mayar da mai sabulu shi ne kostik soda, mu dai soda muke ce mata. Fara ce kamar sukari. In aka zuba ta a ruwa sai bokitin ya ɗau zafi ba tare da wuta ba, tururinsa na yagar maƙogwaro. Sai an bar shi ya huce kafin a yi aiki da shi, kuma in ya huce ba mai bambanta shi da ruwan famfo. Inna leda take ɗaurawa a hannu, wani lokacin ma ta manta. Yatsunta duk sun tsattsage. Sista ta taɓa ba ta safar hannu mai kauri, ta yi godiya, ta adana a kwalla, wai ta yi kyau da yawa a ɓata ta.

Ranar wata Alhamis, lokacin zafi, muna hutun makaranta, Inna ta jiƙa soda da safe a bayan madafa ta rufe. Da hantsi na ga rana ta kai kan bokitin. Don in nuna ni ma na san aiki, na ɗauke shi na kai inuwar gwaiba kusa da randuna, na cire murfin don ya yi saurin hucewa, na wuce maƙwabta kitso. Ban faɗa wa kowa ba.

Baba ya dawo da wuri ranar. Famfo babu ruwa. Ya ga bokiti cike taf kusa da randa, ya sa moɗa ya cika buta, ya tsuguna alwalar azahar. Daga baya ya ce yana wanke hannu na biyu ya ji ruwan na santsi kamar yauƙin kuɓewa, ya tsaya yana mamaki, sai fatar ta fara ci. Bai yi ihu ba. Inna kawai ya kira, da wata murya da na jiyo ta katanga na san ba lafiya. Na shigo da rabin kitso.

Inna ta riga ta ɗauko kwalbar manja. Maƙwabciyar da ta biyo ni tana cewa a fasa ƙwai, ko a shafa makilin. Sai ga Sista ta fito da zanin gida, ta dubi bokitin, ta dubi hannun Baba da ya yi ja.

"Inna, ajiye manjan nan," ta ce. "Ruwa kawai, kuma kada a tsaya."

Ta cire masa agogo da zoben azurfa, ta sa ya tuɓe rigar da ruwan ya fantsamawa, ta miƙo mini moɗa mai tsabta. Ina zuba, tana juya hannuwan tana buɗe tsakanin yatsu. Randa biyu suka ƙare. Aka kira mai ga-ruwa ya shigo da kurarsa har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Mun fi rabin awa. Baba ya ce ya isa haka, ta ce bai isa ba, wannan abin ci gaba yake da cin nama ko an daina jin zafinsa.

Can ta ɗago ta tambaye shi, "Baba, ka kai baki?"

"Ban kai ba."

Sai a lokacin na ga ta sauke numfashi. Ta sa aka tsayar da adaidaita, ta ɗauki ragowar sodar a ledarta don likita ya gani, suka tafi.

Da la'asar suka dawo, hannuwan Baba naɗe da bandeji har wuyan hannu. Inna ta ɗauka ita ce ta manta bokitin a wurin, tana ta ba shi haƙuri. Na kasa jurewa. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, ina jiran faɗa. Baba ya dube ni.

"Ke kin ajiye ba ki faɗa ba, ni na ɗiba ban tambaya ba," ya ce. "Mu biyu ne. Tashi ki ƙarasa kitsonki."

Kusan wata guda bai je ofis ba. Inna ke ba shi abinci a baki, yana tsokanarta wai sai da ya ƙone ya san gata. Ni nake buɗe masa jarida. Ban taɓa zama da mahaifina kamar a wannan watan ba, a nan na ji labarin yarintarsa, da yadda ya fara ganin Inna a gidan biki a Daurawa.

Inna ta rantse ta bar sabulu. Baba ne ya ƙi. Ya ce sana'ar ba ta yi laifi ba. Ya kira mai walda ya ƙera akwatin ƙarfe mai kwaɗo, aka sayo bokiti na musamman, ya sa na rubuta GUBA da jan fenti a jikinsa tunda shi ba ya iya riƙe komai. Safar hannun ta fito daga kwalla, aka ƙara da tabarau.

Da labari ya kai ajin Tarauni, matan suka roƙi Sista ta yi musu bayani. Wata Asabar suka cika tsakar gidanmu, tabarma har bakin zaure. Ta ce musu soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a kwara ruwa a kan soda. A yi a fili inda iska ke wucewa, kuma ban da tukunyar alminiyam, don cinye ta take. Sannan ta ba da labarin yaran da take jinya, waɗanda suka sha ruwan soda daga robar lemo, yanzu ta bututu ake ba su abinci. Ta ce in hakan ta faru kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja, a ruga asibiti. Tana cikin magana wata mata daga Unguwa Uku ta miƙe ta zari mayafinta. Ashe ta tuna da robar ruwan sodar da ta bari a ƙarƙashin gado, ga yara uku a gida. Washegari ta aiko cewa ta tarar ba wanda ya taɓa.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana sabulu, ba wanda ya sake ƙonewa. Sista an yi mata sauyin wurin aiki bayan aurena, muka rasa labarinta. Gidan ma an sayar bayan rasuwar iyayena, yanzu ɗaliban likitanci ne a ciki.

Hannun Baba ya warke, amma ya bar farare-fararen tabo a bayan tafin da tsakanin yatsu. Jikokinsa sukan hau cinyarsa su kama hannun suna tambayar me ya same shi. Sai ya ce musu hasken alwala ne ya yi gaggawa, ya fito masa tun a duniya. In Inna tana kusa takan harare shi ta ce ya faɗa musu gaskiya, sai ya gyara zama ya faɗa.