Da'irar da Gwaggo Ta Share

Ba zan taɓa manta shekarar da ɗiyata ta fari ta shiga lise, wato babbar sakandare, a Filinge ba. Tun kafin komai ya faru hankalina ba a kwance yake ba, don ta riga ta maimaita aji saboda lissafi, kuma an ce in ta sake faɗuwa korarta za a yi. Ni da ko firamare ban gama ba, me zan iya yi mata? Ga kuma kunyar 'yar fari: ko sunanta ba na kamawa, balle in zaunar da ita in ji damuwarta.

Ana gobe jarrabawa na dawo daga rijiya da la'asar, na tarar ta tsugunna a tsakar gida. Ta zana da'ira a ƙasa, tana ja mata layuka a tsaye da tsinke, tana magana ita kaɗai. Ni kuwa wurin masu bugun ƙasa kawai na taɓa ganin mutum a haka, a kasuwar Baleyara. Na aika aka kira gwaggonta, yayar babanta.

Gwaggo ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauki tsintsiya tana a'uziyya, ta share komai tas. Yarinya ta fashe da kuka, ta ce malaminsu ya ba su x² + y² = 25 su gano ko fonksiyo ne, wato ko kowane x amsa ɗaya tak yake bayarwa, kuma yanzun nan ta fara ganewa.

"Gwaggo, in x uku ne, y yana zama huɗu a sama, kuma huɗu a ƙasa. Layina ya taɓa da'irar wuri biyu, ke nan ba fonksiyo ba ne."

"To, ɗan akuya mai uwa biyu ke nan," in ji Gwaggo. "Da kin faɗi haka ai da ban wahalar da bayana ba."

Haushi ya cika ni, na Gwaggo da na bakina da ya kasa tambaya ɗaya. Na tsinci tsinken na ajiye gabanta, na juya ina kallon bango na ce, "A sake zanawa, ba mai shara yau."

Ta ci jarrabawar, da ƙyar, amma ta ci. Iyaye mata, don Allah in kun ga yaro yana zane a ƙasa, ko na fari ne, ku tambaye shi kafin ku aika a kira mai tsintsiya.