Muryar da Ba a Mayar Maka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, 13 ga watan Yuni, 2025, mako guda bayan Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Malam Abdulkahar Muktar, malami a sashen koyon aikin jarida da sadarwa na jami'armu a nan Lafiya, bayan jinyar ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɓoye mana. Mun idar da sallar Juma'a ke nan, ina laluben takalmina a harabar masallaci da ruwan sama ya jiƙa, sai wayata ta yi ƙara. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa daga gidansa na Azuba, gidan da ko shafen waje bai gama yi masa ba.

Malam Abdul, ni ne Hizbullahi, abokin zamanka na ofis, wanda ka laƙaba wa suna Mai Ƙofa. Ka kira ni haka ne don ni ke kula da rajistar 'yan aji uku, ƙofar shiga ajin ƙarshe. Wanda bai san tsarin ba, ga yadda yake. Kafin ɗalibi ya karɓi digiri a sashenmu sai ya ci wasu kwasa-kwasai na dole, ya ƙara da na zaɓi, ya je gidan jarida ko rediyo ya yi zaman sanin makamar aiki, sannan ya rubuta binciken kammalawa. Na zaɓi in ka faɗi kana iya sauya wani. Na dole kuwa, in ka faɗi sai ka sake. A cikin na dolen akwai guda ɗaya da ba a barin ɗalibi ya taɓa binciken kammalawa sai ya haye shi, wato kwas ɗinka na aikin rediyo a cikin al'umma. Ba na jin akwai ɗalibin da ya taɓa kiran sa da wannan dogon suna. Kowa Koma-ka-kunna yake ce masa.

Sunan daga bakinka suka ɗauko shi. Kana haɗa ɗalibai biyu biyu, kuma ba ka taɓa haɗa waɗanda suka tashi da yare ɗaya. Alago da Bahaushe, Eggon da Bafulatana, Tibi da Gwandara. Su shiga kasuwa ko ƙauye su naɗi muryoyin mutane, su dawo su tace, su haɗa ɗan gajeren shiri. Duk wannan ana yi a ko'ina. Naka daban shi ne ba ka sauraron shirin sai sun koma wurin waɗanda suka yi maganar, sun tara su, sun kunna musu, kowa ya ji kansa ya ce, "Haka na faɗa." Wannan amincewar ita ma sai an naɗo ta a ƙarshen shirin. In ɗalibi ya shigo yana washe baki da aikinsa, tambayarka ɗaya ce: sun ji? In ya fara sosa ƙeya, sai ka nuna masa ƙofa ka ce, "Koma ka kunna." Kakan ce murya aro ce, wanda ya ara maka yana da haƙƙin ya duba ko ka ɓata masa ita.

Kai ka kafa doka, ni nake shan kukanta, domin duk wanda ka kora teburina yake zuwa. Amma ba zan ɓoye abin da na gani ba. Na ga tsohuwar motarka, wadda sai an tura take tashi, cike da ɗalibai ranar Asabar za ka kai su ƙauyen da ba su san hanya ba. Na ga wayarka ta kwana a hannun yara saboda na'urar sashe ta lalace, mu kuma muna ta kiran ka ba ka ɗauka. Na ga yadda kake raba gasasshiyar doyarka da manja da duk wanda ya shigo ofis da tsakar rana, har wanda ka gama yi wa faɗa yanzu. Faɗanka ba ya kwana, amma dokarka ba ta lanƙwasa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Usaina da Mimidoo. Usaina 'yar makiyaya ce da suka zauna wuri ɗaya, Mimidoo kuma Tibi ce, iyayenta manoma. A daminar shekara biyu da suka wuce ka haɗa su, suka tafi Adogi, inda shanun wani dattijo mai suna Yero suka shiga gonar doyar maƙwabcinsa Iorkyaa. Suka naɗi kowa, suka dawo suka tace shiri mai zafi. Na saurara a ɓoye kafin su koma, kuma gaskiya ya yi daɗin ji. Wannan yana huci, wancan yana rantsuwa, ba wurin da mai sauraro zai yi hamma.

Da suka koma suka kunna a gindin mangwaro, Yero ya saurara har shirin ya ƙare. Sannan ya ce, "Muryata ce, amma ba maganata ba ce. Ina wurin da na ce na je na ba shi haƙuri, na tura yarana suka taya shi gyaran kunyoyin gonar?"

Iorkyaa ma ya ce da Hausarsa ta Tibi, "Ni ma na faɗa shi ne yana kawo ma matana nono lokacin da ya haihu. Kun yanka wurin mai kyau, kun bar wurin faɗa. In kun sa wannan a rediyo, gobe ni da shi ba gaisuwa."

Zangon karatu ya riga ya zo ƙarshe, babu lokacin sake aiki. Ka ƙi ba su maki. Ma'anar haka ita ce shekara guda ta tafi, tunda ba za su shiga binciken kammalawa tare da 'yan ajinsu ba. Mahaifiyar Mimidoo ta baro rumfarta a kasuwa ta zo ta zauna a gabana tana share hawaye da bakin zane. Na same ka na ce, Malam, yaran nan sun yi ƙoƙari, kuma da bakinsu suka faɗa maka abin da ya faru, da sun so da sun ɓoye. Ka ce saboda gaskiyar da suka faɗa ne ma kake da rai a kansu. Ka ce, "Mai Ƙofa, in na bar su suka wuce yau, gobe a gidan rediyo za su yanke maganar da za ta ƙone gari, kuma ba ni da wurin da zan tsaya in ce ban koya musu ba." Na fita ina ƙunƙuni. Da damina ta zagayo, kai da kanka ka ɗauke su a motar nan taka zuwa Adogi, suka sake aikin tun daga farko, dattawan biyu suka ji suka ce haka muka faɗa.

A bana ne sabon tsarin manhaja ya iso. An raba fannonin sadarwa, an shigo da sababbin kwasa-kwasai na zamani, gurbin da ya rage wa sashe ya zuba nasa ya ƙanƙance. Dole wani kwas ya sauka daga na dole zuwa na zaɓi, kuma idon kowa ya faɗa kan naka. Kowa ya san ma'anar haka. Wane ɗalibi ne zai zaɓi zirga-zirgar ƙauye da haɗarin maimaita shekara, alhali ga kwas ɗin da ake ci a zaune? Aka sa ranar zaman majalisar sashe bayan hutun Sallah, kai kuma a lokacin jiki ya ƙi, ana kai ka wankin ƙoda ana dawowa da kai.

Usaina da Mimidoo, waɗanda yanzu suke ajin ƙarshe, su suka kawo shawarar a naɗo muryarka a kunna wa majalisa. Na yi murna ƙwarai, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma na san babu wanda zai ji muryarka daga kan gadon jinya ya iya ɗaga hannu a kanka. Suka je Azuba bayan Sallah. Sun ce ka yi magana mai tsawo, kana yi kana hutawa, wani wurin ciwo ya sa ka yi zafi har ka kama sunayen mutane. Da za su tafi ka yi dariya ka ce, "Na yi surutu da yawa. Ku tace, ku cire abin da bai dace ba. Amma kun san doka."

Ranar Alhamis suka gama tacewa, suka hau Keke Napep suka nufi gidanka. Maiɗakinka, Malama Muhibbat, ta tare su a ƙofa ta ce yanzu aka dawo da kai daga asibiti, barci ya ɗauke ka, su yi haƙuri su dawo ranar Asabar. Ta yi abin da kowace mai jinya za ta yi, su ma suka yi abin da ladabi ya ce. Babu mai laifi a cikinsu. Asabar ɗin ta zo ta same mu a zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanka muna karɓar gaisuwa.

Bayan addu'ar bakwai majalisa ta zauna. Tun da safe na aika a kira mini yaran, na ce su zo da shirin. Suka zo hannu rabbana. Na tambaye su ina yake, Mimidoo ta dubi ƙasa ta ce, "Sa, bai ji ba."

Na ce wa zai ji yanzu? Mutumin ya rasu, kuma don wannan zaman ya yi maganar. Ta ce, "Mun sani, Sa. Amma mu ne muka yanka. Ba mu san ko abin da ya so ke nan ba."

Na ce to a kunna ɗanyen, wanda ba a taɓa ba. Usaina ta ce, "Malam, a ciki akwai abin da shi da kansa ya ce a cire. In mun kunna wancan mun saɓa masa, in mun kunna wannan bai ce haka na faɗa ba. Shekara guda muka yi muna koyon wannan."

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na ce musu da hannunsu za su binne kwas ɗin malaminsu. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na tuna musu cewa ni malaminsu ne. Suka tsaya suna hawaye, amma ba su motsa ba. Na shiga zaman ni kaɗai, na yi iya bakin ƙoƙarina, sai dai ka san ni ba mai iya tsara zance ba ne, ni mutumin rajista ne. Waɗanda suke ɗaya ɓangaren kuma ba miyagu ba ne. Sun kawo maganar tsaron hanya, da wahalar sufuri, da cewa yaranmu suna bukatar ilimin zamani in za su samu aiki. Aka ɗaga hannu, suka yi rinjaye da ɗan kaɗan. Daga zango mai zuwa Koma-ka-kunna ya zama na zaɓi.

Malam Abdul, wannan abu yana ci mini rai, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na huce ba. Rinjayen ƙarami ne, na tabbata muryarka da ta juya shi. Ina takaicin Alhamis ɗin nan. Ina takaicin ɓoye ciwon da ka yi har sai da ya ci ƙarfinka, da mun san haka da mun nemi a matso da zaman tun kana iya hawa bene. Da na sani ƙeya ce. Wasu ranakun ina ganin yaran nan sun yi mana asarar abin da ka shafe shekaru kana ginawa. Wasu ranakun kuma ina tuna fuskarka in ɗalibi ya fara sosa ƙeya, sai in san da kana cikin ofishin nan ranar, ba su za ka nuna wa ƙofa ba, ni za ka nuna wa.

Yero da Iorkyaa sun zo gaisuwa daga Adogi a kan babur ɗaya. Yero ya tambaye ni ko yaran makaranta za su ci gaba da zuwa, na ce masa in Allah ya so, domin ba ni da amsar da ta fi wannan. Usaina da Mimidoo kuma sun kai wa Malama Muhibbat naɗin duka biyu, tataccen da ɗanyen, suka goge na wurinsu a gabanta. Ta ce mini har yau ba ta iya kunnawa ba. Ni ma ban ji ba, ban kuma roƙa ba. Ka yi shekaru kana sa a mayar wa masu tallan kasuwa da manoma da makiyaya muryoyinsu, taka ce kaɗai ba a samu mayar maka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Muhibbat, da 'yarsu Mardiya da ƙannenta, da 'yan uwa da abokan arziki, da malamai da ɗaliban sashenmu, Musulminsu da Kiristansu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a kan abin da ya bari, ya raya zuri'arsa a kan gaskiya.

Kai kuma abokina, Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Akwai ranar da za a tara mu duka a mayar wa kowa abin da harshensa ya furta, ba a yanke ko kalma ɗaya ba. Allah ya sa a ranar ka saurari naka da sanyin zuciya, ka ɗaga kai ka ce, haka na faɗa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.