Karimatu Mai Lausasa Takalma

Duk wanda ya daɗe a Garwa ya san Karimatu, in bai san sunanta ba ya san tafiyarta. Ita ce doguwar matar nan mai babbar jaka a ka, wadda ake gani da rana tsaka tana bin gefen kwalta daga unguwar Hausare zuwa Rumde Ajiya, kowane mako da sabon takalmi a ƙafa. Yau mai tsini, gobe mai igiya, jibi wani ja mai ƙyalli wanda ko amarya sai ta yi shawara kafin ta sa. 'Yan mashin su yi mata oda, ta ɗaga hannu ta ce a'a. Masu zaman gindin dalbejiya sun yanke mata hukunci tun tuni: mace ta girma, mijinta ya rasu, ga 'ya budurwa, amma ba abin da ta sa gaba sai gayu, ga rowar tsiya, ko mashin ba ta iya hawa. Har rangwaɗa suka gano a tafiyarta. Ni da katanga ɗaya ta raba mu, na san ba rangwaɗa ba ce, ɗingishi ne da aka koya wa ladabi.

Asalinta dillaliya ce. Da Malum Hamadu ya rasu, wato mijinta, direban motar auduga, ya bar ta da 'ya ɗaya, Sadiƙa, sai ta fara karɓar takalma a babbar kasuwa tana shiga da su gidajen manya. Masu sayen nata mata ne da tafiyarsu mafi tsawo ita ce daga ɗaki zuwa mota, amma ba wanda ya kai su ƙorafin takalmi. Wannan ya matse, wancan ya ci dunduniya, mai daɗin kuma ya yi kama da na tsofaffi. Kowace tana son wanda za a kalla a biki, kuma tana so ya zauna mata a ƙafa kamar silifar wanka.

Wata rana a watan zafi silifarta ta tsinke a tsakiyar hanya. Yashin Garwa a wannan lokacin ba abin takawa ba ne, don haka ta buɗe jaka ta ciro wani baƙin takalmi da Hajja Achta ta ƙi, wai ya cije ta. Hajja Achta matar wani babban ɗan kasuwa ce, ita ce kuma uwar masu sayen Karimatu, abin da ta yaba shi sauran suke yabawa. Takalmin ya ci Karimatu har ya sale mata fata, amma tunda ta riga ta taka shi ba ya mayuwa kasuwa, sai ta ci gaba da sawa tana cije baki. Da ta sake komawa gidan, Hajja Achta ta ga takalmin a bakin ƙofa, ta zura ƙafa don wasa, ta ji shi luƙwi. Nan take ta saye shi, ta ba Karimatu wata tsohuwar silifa ta koma gida da ita, ta kuma haɗa ta da wasu sababbi biyu da aka kawo mata daga Dubai, wai ta ɗan taka mata su.

Daga nan sana'a ta samu. Allah ya ba Karimatu ƙafa matsakaiciya mai ɗan faɗi, irin wadda rabin matan garin suke da ita. Amare suka riƙa aiko da takalman biki tun kafin a sa rana. Madam Cécile, wata ma'aikaciya a unguwar Plateau, ta kawo nata na ofis ta kawo na abokan aikinta. An gwada dabaru iri-iri don a rage wa Karimatu wahala, man kaɗanya, jiƙaƙƙiyar safa, cusa tsumma, duk ba su yi ba. Takalmi ba ya laushi sai an yi tafiya da shi, tafiyar ma a cikin zafi, ƙafa ta kumbura ta buɗe shi. Shi ya sa ba ta hawa mashin. Ranar kuwa da ta tashi ta ji takalmi ya daina cizo, ta ji kamar don ƙafarta aka yi shi, to ranar ce za ta goge shi ta kai wa mai shi, ta karɓo wani sabo mai haƙori.

Bayan magariba nakan leƙa in same ta zaune a kan tabarma, ƙafafu cikin bahon ruwan ɗumi da gishiri. Ba ƙafar kallo ba ce. Kanta a kan kanta, ƙaramin yatsa ya lanƙwashe ya hau ɗan'uwansa, dunduniya kullum da filasta. Ni mai saurin fushi ce, ban ɓoye mata ba, na sha ce mata wannan ba sana'a ba ce, haya ta ba da ƙafarta, kuma masu hayar ba su san gyara ba. Sai ta yi dariya ta ce in zuba mata folere, wato zoɓon da nake sayarwa, in bar wa'azi. Abin da ba ta faɗa shi ne da ƙafar nan Sadiƙa ta gama lise, wato sakandare, da ita ta tafi jami'a a Ngaundare. Yarinyar ta san uwarta tana sayar da takalma. Sauran bayanin, in ta zo hutu, uwar takan rufe shi da safa.

Shekarar da Sadiƙa za ta gama ne Karimatu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta so wani abu don kanta. Wani mai kawo kaya ta Mayo-Oulo, Nasrullahi, ya zazzage buhun gwanjo a gabanta, ta hango wani takalmin fata ruwan ƙasa, dunduniyarsa ba ta yi tsawo ba kuma ba ta kwanta ba, da ɗan madauri a gefe. Ba ya ihu, amma in ka gan shi sai ka sake kallo. Ta zo da shi ta nuna mini a ɓoye kamar kayan sata, ta ce wannan nata ne. Za ta lausasa shi, ta sa shi ranar sutanans ɗin Sadiƙa, ranar da ɗaliba take tsayawa gaban malamai ta kare binciken da ta rubuta, dangi suna zaune suna kallo. An gaya mata jami'ar tana da faɗi, daga ƙofa zuwa aji tafiya ce. Tana so sau ɗaya a rayuwarta ta yi kyau kuma ƙafarta ta yi shiru.

Matsalar ita ce a Garwa duk abin da ke ƙafar Karimatu na sayarwa ne. Don haka da sassafe take fita da shi, ta haye gadar Binuwai ta bi ta can inda masu sayenta ba sa zuwa, ta dawo ta naɗe shi a zane, sannan ta sa na mutane ta fita aiki. Aiki ya zama biyu, ruwan gishirin ma ya ƙaru. Amma garin nan ba ya riƙe magana. Direban Hajja Achta ya gan ta a gada, kafin mako ya zagayo Hajja da kanta ta sauka a ƙofar gidanmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce a fito mata da mai ruwan ƙasan. Ta gwada, ta taka daga bakin ɗaki zuwa randa ta dawo, ta ce a sa mata a leda, akwai bikin da za ta je Marwa.

"Ki yi haƙuri, Hajja," in ji Karimatu, "wannan ba na sayarwa ba ne."

"To na wa ne?"

"Nawa ne."

Hajja Achta ta dube ta kamar an ce mata kujerar da take zaune a kai ta yi magana. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce ba ta san Karimatu ma tana sa takalmi ba. Ta tafi, kuma aikenta ya tsaya, na ƙawayenta ma ya tsaya. Wata biyu tukunyar maƙwabciyata ta yi sanyi, na gani da idona, amma ban taɓa ganin ta tana tafiya da ƙarfi kamar lokacin ba. Ni kuwa har cikin raina na ji daɗi.

Tare muka tafi Ngaundare. A mota ta riƙe takalmin a cinya, sai da muka sauka ta sa. Garin da sanyi-sanyi, an yi ruwa, ƙasa ja. Karimatu tana gabana cikin sabon leshi, tana takawa ba ɗingishi ba rangwaɗa, har sai da na ce ta jira ni. Sau biyu tana tsayawa ta dubi ƙafarta ta yi murmushi ita kaɗai.

Muka tarar da Sadiƙa a ƙofar masaukin ɗalibai da ƙawarta Christelle, ta sha baƙar riga da farin mayafi, ga wani baƙin takalmi mai tsini sabo fil, wanda Christelle ta taya ta zaɓa jiya-jiya. Ya yi kyau, ba ƙarya. Muka kama hanyar ajin. Ba mu yi nisa ba na ga Karimatu ta daina kallon gine-gine ta koma kallon bayan 'yarta. Yarinyar tana taka gefen ƙafa, tana ɗan jinkiri kafin ta sauke ta hagu, tana murmushi fiye da kima. Wannan tafiyar ba mai gaya wa Karimatu ma'anarta. Ta tambayi Christelle ko a zaune ake yin abin, Christelle ta ce a'a, a tsaye ne, kuma malaman ba sa sauri.

Akwai wani dakali a gindin bishiya. Karimatu ta ce wa 'yar ta zauna.

"Dada, sa va, ba komai, zan iya jurewa," in ji Sadiƙa, haka take kiran uwar.

"Na san za ki iya. Da kanki za ki amsa musu, ba na so rabinsa yana ƙafa. Cire."

Sadiƙa ta yi gardama daidai yadda kunya ta buƙata, sannan ta cire. Ƙafarsu ɗaya, ita da uwar. Da ta zura mai ruwan ƙasan ta miƙe, sai ta lumshe ido ta ce, "Dada, ina kika samo wannan? Kamar ba sabo ba." Uwar ta ce a gwanjo. Na buɗe baki, Karimatu ta harare ni, na rufe. Ta tura ƙafarta mai filasta cikin mai tsinin, ta miƙe, ta gyara mayafi, tsohuwar rangwaɗar ta dawo.

Yarinyar ta yi ƙoƙari, malaman sun yaba, mun yi guɗa har aka ce mu rage. Aka yi hotuna. Hoton ya riga mu isa Garwa ta waya, kuma masu gindin dalbejiya suka ce a duba, ko a ranar 'yarta sai da ta fi 'yar tsini. Hajja Achta ma ta gani, ta aiko a tambaya ko wannan baƙin na sayarwa ne.

A tasha na tuna wa Karimatu ta karɓi takalminta. Ta ce Sadiƙa za ta wuce Yawunde neman aiki, garin duk hawa da gangara ne, ofis-ofis za ta bi da takardu, gara ta riƙe shi. Na ce to ta cire wannan azabar ta sa silifa, ai biki ya ƙare. Ta ce a'a. Mun iso Garwa da la'asar, zafi ya tare mu a bakin mota, 'yan mashin suka yanyame mu. Na hau ɗaya, na ce ta hau ɗaya ni zan biya. Ta ɗora jaka a ka, ta dubi baƙin takalmin da ke ƙafarta.

"Je ki, zan taka," ta ce. "Ranar da Sadiƙa ta samu aikin za ta buƙace shi."