Kawu Ilu da Lu'ulu'un Surukina

Duk wanda ya san Kawu Ilu, maƙerin zinaren nan na Babbar Kasuwa, ya san ba ya duba dutse a inuwa. Ko gwamna ne ya kawo, sai ya biyo shi cikin rana, ya tsaya yana gumi, Kawu na jujjuya abin da ɗan hantsaki. Gilashin da yake leƙawa da shi ma daga tsohon tabarau ya ciro, ya ce sabo ba zai ƙara masa ido ba.

A can ƙasar Gwalkwas ya koyi sanin lu'ulu'u, kuma bai bar mu mun huta ba. Kullum karatun ɗaya ne: daraja a yanka take. In an yanka dutse da zurfi, haske ya zurare ta ƙasa. In an yi shi fale-fale, ya zama idon kifi. Wata Hajiya daga Unguwar Sarki ta taɓa cewa nata ya fi na maƙwabciyarta girma. Kawu ya ce kabewa ma ta fi dabino girma.

To, shekarar da nake neman auren Hajara, sai mahaifinta, Malam Bala akawu, ya sayo wani ƙaton lu'ulu'u zai kawo a ɗora masa a zobe. Na durƙusa na roƙi Kawu ya yaba kawai, aurena na hannunsa. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar na laɓe a bayan rumfar Kawu. Kawu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, dutsen Allah ba shi da laifi. Amma wanda ya yanka shi, da mahauci ne da tuni an kore shi daga kwata. Daraja ta ƙarshe."

Wayyo ni! Malam Bala ya fizge kayansa. Mako uku ko gaisuwarmu ba a amsawa, na rame kamar kara. Ashe ya kai wa wani Kwara, Balarabe mai kantin zinare, shi ma hakan ya faɗa. Sai ga Malam Bala da kansa a rumfa.

"Ilu, gidan da ba a yi mini ƙarya kan dutse ba, ba za a yi mini kan 'yata ba. Ku turo."

Ranar da Kawu ya rasu, matata Hajara ta fi ni kuka. Allah ya jiƙansa, ya sa gaskiyarsa ta cece shi, ya haɗa mu a Aljanna.