Jarrabawar Ranar Sadakar Uku

A sakandaren da na yi a Tsafe, babu darasin da ya shiga raina kamar ilimin zaman jama'a. Malaminmu gwanin baki ne. In ya hau maganar haƙƙin ɗan Adam har alli ke karyewa a hannunsa. Ya ce kowa yana da haƙƙin ilimi, kuma ba a yanke wa mutum hukunci sai an saurare shi. Mu kuwa mu saki baki, mu ɗauka gobe duniya za ta gyaru.

Abokin zamana a benci ɗan 'Yankuzo ne, yana zaune a wurin kawunsa a cikin gari. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Kawun ya riga ya ja masa kunne: ranar da ya maimaita aji, ranar zai tattara ya koma ƙauye.

Ana tsakiyar jarrabawar ƙarshen shekara 'yan bindiga suka harbe babansa a gona. Shi ne babban ɗa namiji, shi zai zauna a tabarmar ƙofar gida yana karɓar gaisuwa har a yi sadakar uku. A wajenmu ba a tashi daga wannan tabarmar a ce za a je rubuta jarrabawa. Wanda ya yi haka, har jikokinsa sai an goranta musu.

Mun cika mota mun je gaisuwa, har da Malam. Shi ya fi kowa doguwar addu'a. Ya dafa kan abokina, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Washegari, ranar sadaka, muka rubuta jarrabawar Malam.

Da abokina ya dawo, malamin lissafi, wanda muke tsoro kamar mutuwa, ya zaunar da shi a ofis ya ba shi tambayoyi. Sauran malaman ma haka. Saura Malam, kuma darasinsa na dole ne, in ba ka ci ba babu gaba. Na raka abokina wurinsa.

“Malam, ni hwa ba yawo na tahi ba,” in ji shi. “Kai da kanka ka zo muna gaisuwa.”

“Na je,” in ji Malam. “Wancan zumunci ne, wannan doka ce. In na buɗe maka ƙofa, gobe kowa sai ya kashe ubansa.”

Malam bai ko ɗago kai ba.

Aka ce abokina ya maimaita aji, kawunsa ya cika alkawari. Ni na zo na ɗaya a darasin Malam, aka kira ni gaban taron makaranta ana ta tafi. Na tsani tafin nan.

Bara na sauka a tashar Tsafe daga Gusau, na tare ɗan acaɓa, ashe abokin nan nawa ne. Muka yi ta dariya da tambayar iyali. Muna cikin tafiya ya ɗan juyo da kai.

“Wai mi Malam ya tambaya ranan nan?”

Na ce, “Haƙƙin ilimi. Cewa ya yi a yi bayani da misali.”

Muka wuce kasuwa.

“Da na ci,” in ji shi.