Tagar Inna a Kwamfutar Yaya

Yayana mai zanen gine-gine ne a kwamfuta. Ka kai shi fili fetal, ya nuna maka bene har da labule tun ba a haƙa tushe ba. A ofishinsu Sai-Baɗi suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya tambaye shi wane katin hoto zai saya, wato ɓangaren nan da ke fitar da haske da inuwa a allo, amsar ɗaya ce: "Kada ka yi gaggawa, wanda zai fito baɗi ya ninka wannan." Abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Kullum na baɗi ya fi na bana.

Ɗakin aikinsa ba wurin ajiye ƙafa. Ga ƙatuwar kwamfuta mai gefen gilashi ƙarƙashin tebur, fankokinta na gurnani, ga kwalayen tsofaffin katuna jibge a kan kabad, ya hana matarsa zubarwa. In ya fara bayanin injinan da za a ƙera nan gaba, shayinsa sai ya huce bai kurɓa ba.

Da aka rushe gidan da muka tashi a ciki don faɗaɗa titi, Inna ba ta yi kuka ba, magana kawai ta rage. Yaya ya yi mata alkawarin zai sake gina mata ɗakinta a kwamfuta ta gani. Ya kuwa gina: gadon ƙarfe, keken ɗinki, tagar da hantsi ke shigowa. Ranar da na leƙa allon sai da na share ƙwalla.

Amma ya ƙi nuna mata.

"Hasken tagar bai yi ba," in ji shi. "Kamar na asibiti. Katin nan bai iya bin haske yadda yake ratsa labule ba."

"Yaya, likita fa ya ce idonta raguwa yake yi. Da babu gara ba daɗi."

"Ai shi ya sa nake so ta ga na gaske. Sabon yana hanya, ke dai ki yi haƙuri."

Sabon ya fito, ya ce an ce yana ɗaukar zafi, gara a jira gyararre. Gyararren ya fito, ya ji ƙishin-ƙishin wani. Na yi magiya, na yi faɗa, har gaisuwa na daina yi masa. Inna takan ce, "Ina ɗakin nawa?" Daga baya ta bar tambaya.

Ya dai saya daga ƙarshe. Ya ɗaura katin a kwamfuta, ya aika aka ɗauko Inna, ya zaunar da ita a kujerarsa mai juyawa. Gaskiya ɗaya ce, hasken ya fito. Har inuwar zaren keke ana gani a kan siminti, kamar ka miƙa hannu ka ji ɗumin rana.

Inna ta fuskanci bango, gefe kaɗan da allon.

"Ka kunna ne?"

"Na kunna, Inna."

"To madalla. Tagar tana hagu da gado, ko?"

"Tana hagu."

"Rana ta shigo?"

Yaya ya durƙusa gefen kujerar, ya shiga kwatanta mata hasken da baki.