Sha'aban da Babur Mai Hayaƙi

A Yendi babu wanda bai san Sha'aban makaniki ba, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa jin ya yabi babur ɗin wani. Ɗan Salaga ne, jikan fataken goro. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a cinikin doya, shi kuwa ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana gadin abin da ke ruɓewa ba. Yana ɗan shekara goma sha shida ya tafi Yendi koyon gyaran inji.

A can ya tsinci wani tsohon Yamaha RD350, ƙirar shekarun 1970, wanda wani malamin gona ya yasar a bayan gareji har kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Shekara biyu ya yi yana haɗa shi. Ranar da ya tashi, ƙararsa kamar an tsokani amyar ƙudan zuma, shuɗin hayaƙi ya rufe layi. Tun daga nan Sha'aban ya raina duk wani abu mai ƙafa biyu.

Idan aka kawo masa sabbin baburan nan gyara, sai ya taɓe baki. "Wannan ai keken ɗinki ne aka sa wa taya," in ji shi. "Nawa duk hawan fistin sai ya ba da wuta. Naku sai ya hau sau biyu kafin ya yi aiki ɗaya, kamar rago a gonar surukinsa. Nawa ba bawul, ba tarkace. Ƙofofi ne a jikin silinda, fistin ya buɗe ya rufe, shi ke nan."

Shekara talatin da ɗoriya yana hawansa, sai gwiwar dama ta ƙi. Ba ya iya taka shi ya tashi. Nan fa Mashud, ƙanen matarsa Atikatu, dillalin shanu a Bawku, ya matsa da roƙo. Mashud mutum ne mai son a gan shi, agogonsa ma ya fi wuyan hannunsa girma. Atikatu ta sa baki, Sha'aban ya ba da aro.

"Ka ji ni da kyau," ya ce. "Famfon man injinsa ya mutu tun tuni. Duk lokacin da ka sha fetur, ka zuba masa man injin nan a cikin tanki ka girgiza. Tare suke shiga, shi ke shafe fistin, sannan ya ƙone. Hayaƙin da kake gani lafiyarsa ce."

"Haba Yaya, yau na fara hawan babur?"

"Yau za ka fara."

Sati uku Mashud yana zagaya Bawku, yara na binsa da ihu. Amma hayaƙin yana ɓata masa farar shadda, abokai kuma suna ce masa mai gasa masara. Sai ya je wurin wani mai canza fulogi da ke kiran kansa injiniya. Wannan gwani ya leƙa salansa, ya gyaɗa kai, ya ce mai ne ya yi yawa, a daina zubawa. Hayaƙi kuwa ya ragu, Mashud ya yi ta murna.

Ranar wani ɗaurin aure a Pusiga ya shige gaban ayari, ya murɗa iya ƙarfinsa. Bai yi nisa ba inji ya ƙame, tayar baya ta ja ƙasa, ya wuntsila cikin gonar albasa a gaban jama'a. Allah ya kiyaye, fatar hannu da shadda kawai suka tafi.

A motar shanu aka dawo da babur ɗin Yendi. Sha'aban ya kwance kan injin, ya zaro fistin guda, ga shi ya narke ta gefe kamar alewa a rana. Ya ɗaga shi sama don kowa a gareji ya gani.

"Yaya, injiniyan ne ya ce..."

"Ka yi shiru, Mashud. Saniya ma idan ta daina kashi kana tambayar dalili."

Ya rataye fistin ɗin da waya a ƙofar gareji. Har yanzu yana aika saƙo Kumasi da Lome neman madadinsa, bai samu ba. Mashud kuma idan ya zo gaida yayarsa, ta bayan layi yake bi don kada ya wuce ta ƙofar garejin.